Taku Tara Tsakanin Burtsatse da Sokawe

Farkon zangon karatun da ya wuce na raka ɗan yayata neman ɗakin haya a unguwar Jama'a da ke Zariya. Ya samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello, amma bai samu gado a ɗakunan kwanan cikin makaranta ba, kamar dubban 'yan uwansa da ke bazuwa kowace shekara a Samaru, Hayin Dogo, Zango, Danraka, Bomo da Palladan. A gida na huɗu da muka shiga, mai kula da gidan, wani dattijo mai fara'a, bai fara nuna mana ɗaki ba sai da ya kai mu gindin tanki. Ya murɗa famfo, ya tara kofi, ya ɗaga shi sama.

"Alhaji, duba da idonka. Garau kamar na gora. Mu nan ba mu san wahalar ruwa ba."

Na ce, "Baba, an taɓa kai shi gwaji kuwa?"

Ya dube ni da mamaki. "Gwajin me, Alhaji? Burtsatse ne fa, ba rijiyar guga ba. Ni ma shi nake sha, ni da iyalina."

Ban ga laifinsa ba. Abin da ya yi imani da shi ya faɗa, kuma da cikinsa da na 'ya'yansa yake ba da shaida. Amma da suka shiga duba ɗaki, sai na tsaya a tsakar gida na auna da ƙafa daga murfin rijiyar burtsatsen zuwa murfin sokawe. Taku tara na ƙirga. Tun ranar nake juya wannan magana, kuma abin da na tsaya a kai shi ne: duk wanda ya gina ɗakuna ya zuba 'ya'yan mutane haya, ya kuma ɗora kuɗin ruwa a kan kuɗin ɗaki, to ya zama mai sayar wa jama'a ruwan sha. Mai sayar da ruwan sha kuwa ba a karɓar "duba da idonka" daga bakinsa. Takardar gwaji ake nema, mai kwanan wata.

Bari in fara da dalilin da ya sa maganar dattijon take shiga kunnenmu ba tare da gardama ba. Mu mutane ne da aka koya wa duba ruwa tun muna yara. Duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya karanta Ishmawi ya san abubuwa uku da ake lura da su: launi, ɗanɗano da ƙamshi. In babu wanda ya jirkita, ruwa mai tsarki ne mai tsarkakewa. Wannan ma'auni daidai yake a kan abin da aka kafa shi dominsa, wato alwala da wanka da kawar da najasa. Malamanmu ba su taɓa cewa shi ne ma'aunin likita ba. Mu ne muka ɗauke shi daga buta muka kai shi kofin sha. Ruwa yana iya cika sharaɗin tsarki, alwala ta inganta da shi, ya kuma kwantar da mutum a gadon asibiti, domin ƙwayar taifot da ta kwalara ba su da launi, ba su da wari. Dubbansu za su zauna a kofi ɗaya ruwan yana nan garau. Gaskiya ne ruwa ba ya tsami banza, amma rashin tsaminsa ba ya nuna babu abin da ya shige shi.

Kuskure na biyu shi ne yarda da zurfi. Mutane suna ganin tun da inji ya huda ƙasa ya wuce inda mai haƙar rijiya da diga yake tsayawa, to an kuɓuta. Lallai burtsatse ta fi rijiyar da bakinta ke buɗe, wadda kowa ke jefa gugansa, iska na zuba mata shara. Ba na musun wannan. Sai dai a dubi irin ƙasar da Zariya take zaune a kai. Dutsen Kufena da muke hange ba baƙo ba ne, ɗan leƙe ne na babban dutsen da ke shimfiɗe a ƙarƙashin garin baki ɗaya. A sama akwai jar ƙasa da marmara, ƙasa da su ruɓaɓɓen dutse, sannan dutse mai tauri. Ruwan da ake samu yana kwance ne a cikin ruɓaɓɓen nan da kuma tsagogin da ke jikin mai taurin. Ƙasa mai laushi tana tace ƙazanta in ruwa ya ratsa ta a hankali. Tsagar dutse ba ta tace komai, hanya ce kawai. In bakinta ɗaya yana kusa da ramin masai, ɗaya bakin yana jikin rijiya, abin da ya shiga can zai fito nan.

Akwai kuma aikin masu haƙa, wanda yawancinsa a ɓoye yake. Bayan an zura bututu a rami, ana zuba tsakuwa a ƙasa, sannan dole a toshe mitocin sama da siminti kewaye da bututun, don kada ruwan tsakar gida da na kwata ya bi jikinsa ya gangara. A sama kuma a yi daɓe mai gangare, a ɗaga bakin rijiyar, a rufe shi ruf. Wannan toshiyar siminti ita ce ran aikin, ita ce kuma ta fi sauƙin ha'inci, domin da zarar an rufe babu mai ganinta. Mai gida yana son aiki da araha, mai inji yana son ya gama ya wuce wani wuri, murna kuma duk tana kan ganin ruwa ya yi tsiri. Sau nawa muka ga bakin burtsatse a cikin wani ɗan akwatin bulo da ke ƙasa da daɓen gida, wanda in an yi ruwan sama yake cika taf? Rijiyar da ta kai mita 50 amma bakinta na shan ruwan tsakar gida ba ta da wani fifiko a kan kududdufi sai na suna.

Yanzu a zo ga lissafin fili, wanda a ganina shi ne tushen matsalar. Ƙa'idar da masana tsaftar muhalli suka fi ambata ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. Fulotin da aka saba yankawa a garuruwanmu ƙafa 50 ne da 100, wato kimanin mita 15 da 30. Ko an kai rijiya wannan kusurwa, sokawe waccan, da ƙyar a cika ƙa'idar. In ma an cika, kusurwar da ka kai rijiyarka tana iya zama bayan katangar da maƙwabci ya haƙa nasa ramin. Gidajen ɗalibai kuwa ba irin gidan iyali ba ne. A ɗauka gida mai ɗaki 20, kowanne da banɗakinsa, mutum 50 a ciki, kowa na amfani da jarka biyu a yini. Lita 2,500 ke nan injin ke zuƙowa daga ƙasa kullum, kusan dukkansu kuma suna komawa ƙasa ta sokawe a tsakar gida guda. Injin da ke zuƙo ruwa yana janyo na kewaye da shi zuwa bakin bututu. Gida na kusa haka, na bayansa haka. Unguwar da shekarun baya gonaki ne ta koma ramuka biyu-biyu a kowane fuloti, ɗaya na zubawa, ɗaya na ɗiba. In damina ta yi nisa, wajen Agusta, ruwan ƙasa ya taso ya tarar da gindin masai, tazarar da ke kare mu da rani ta tafi.

Wani zai ce ai da famfon gwamnati na zuwa da duk ba a yi wannan ba. Haka ne. A 2017 aka buɗe sabuwar matatar ruwan Zariya a Shika, mai ƙarfin tace lita miliyan 150 a yini, aka yi murna ƙwarai. Duk da haka tankunan da ke kan rufin gidaje daga Kwangila har Samaru suna shaida cewa masu gidajen haya da burtsatse suka dogara. Ko yau aka ja bututu zuwa kowace ƙofa, rijiyoyin nan ba za a cike su gobe ba. Da su za mu zauna, don haka dole mu san abin da ke cikinsu.

Ko rijiya ta fito da ruwa mai kyau, da saura. Ruwan yana hawa tanki, tankin kuma sau da yawa murfinsa ya tsage ko iska ta ɗauke shi. Ƙadangare na faɗawa, tsuntsu na sauka, laka na kwanciya a gindi, shekara ta zagayo ba wanda ya hau ya wanke. In wuta ta ɗauke kwana biyu, sai a koma ga 'yan garuwa, waɗanda jarkokinsu ba a cika wanke cikinsu ba. Daga nan bokiti, daga bokiti moɗa, daga moɗa hannu. Binciken gidaje na MICS da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017 ya auna ruwa a wuri biyu. A inda ake ɗiba, kimanin kashi 77 cikin 100 na jama'a ruwansu na ɗauke da ƙwayar E. coli. A kofin da ake sha a gida, adadin ya haura kashi 90. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce tanki da jarka da moɗa. Shi ya sa gwajin da aka yi ranar da aka haƙa rijiya, in ma an yi, ba ya wakiltar abin da ɗalibi ke sha bayan shekara biyar.

Ɗalibai da yawa za su ce su fiya wata suke sha. To, da wane ruwa ake jiƙa garin kwaki da dare in aljihu ya yi sanyi? Da wanne ake wanke latas da tumatir, a ɗauraye kofi, a goge baki, a kurkure wajen alwala? Mai zoɓo da mai kunun aya na bakin layi, da wanne suke haɗawa? Leda tana kare maƙogwaro daga ƙishirwa, amma ƙofofin da ruwan gida ke shiga ciki sun fi goma.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda cutar take ɓacewa a cikin lissafi. Yaro ya kwana yana zawo, ko zazzaɓi ya rufe shi ana saura mako a fara jarrabawa. Ya je kemis, ko ya yi gwajin Widal, wanda likitoci da kansu suka san ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. A ce masa "taifot da maleriya", a haɗa masa ƙwayoyi. Ya samu sauƙi ya daina sha, ya koma ga tankin da ya kwantar da shi. Bayan wata biyu a sake. Ba wanda ya rubuta cewa mutum shida a gida ɗaya sun yi ciwo iri ɗaya a wata ɗaya, domin kowa kemis ɗinsa daban, kowa kuma yana ganin canjin ruwa ne ko abincin waje. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai yana da nasa sakamakon. A 2016 wani nau'in taifot da ya gagari kusan dukkan magungunan da aka saba ya ɓulla a lardin Sindh na Pakistan. Mu da muke sayen irin waɗannan magunguna kamar gyaɗa ba mu da dalilin jin cewa mun fi ƙarfin haka. Kwalara kuma ba labari ba ce a wurinmu: a 2021 hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka rasu, mafi yawansu a jihohin Arewa.

To mene ne gwajin, da har ake jin sa kamar wani abu na manya? Nijeriya tana da ma'aunin ruwan sha a rubuce, NIS 554, wanda hukumar SON ta fitar a 2007 aka sabunta a 2015. A kan E. coli hukuncinsa ɗaya ne da na Hukumar Lafiya ta Duniya: kada a samu ko ɗaya a mililita 100. Ita wannan ƙwaya a hanjin mutum da dabba take zama, don haka ganinta a ruwa yana nufin bayan gida ya samu hanya, kuma hanyar da ta biyo taifot ma zai iya biyowa. Ana ɗibar ruwan a kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyi, bayan an goge bakin famfo an bar shi ya zuba na ɗan lokaci. A sa a kula da ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji cikin sa'o'i 6, a tace, a ajiye a ɗumin da ya kai digiri 44, washegari a ƙirga abin da ya tsiro. Ruwan da aka ɗura a tsohuwar gorar lemo aka yini da shi a aljihun babur ba zai faɗi gaskiya ba. Haka nan 'yar na'urar nan da wasu ke tsomawa a kofi ta nuna lamba, gishirin da ya narke kawai take aunawa, ba ta ganin ƙwayar cuta.

Sai ɓangaren sinadarai. Dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita, fuloraid 1.5, naitiret 50. A unguwa irin Jama'a, naitiret ne zan fi sa wa ido. Daga fitsari da bayan gida da takin zamani yake fitowa, kuma ba ya mutuwa a hanya kamar ƙwayar cuta. Ko gwajin ƙwayoyi ya fito lafiya, in naitiret yana hawa shekara bayan shekara, alama ce sokawe da rijiya sun fara gaisawa. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyi, amma ba ta cire shi, sai ma ta ƙara masa kauri. Ya fi yin illa ga jarirai 'yan watanni, gidajen nan kuwa ba samari kaɗai ke cikinsu ba, akwai ɗalibai masu goyo.

Abin takaici, duk ƙasar nan da wuya a samu unguwar da ta fi Samaru kusa da masu wannan ilimi. Tsallaken titi, a cikin jami'ar, akwai Sashen Albarkatun Ruwa da Injiniyancin Muhalli, da sashen nazarin ƙananan halittu, da na kimiyyar sinadarai. A Basawa ga cibiyar binciken sinadarai ta NARICT, a Kaduna ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa. Shekara da shekaru ɗalibai suna ɗibar ruwan rijiyoyin Samaru don aikin kammala digiri, an kuma sha samun ƙwayoyin bayan gida a ciki. Aiki ya samu maki, a ɗaure shi da bango mai kauri, a jera a kanta. Mutanen gidan da aka ɗebi ruwansu ba lallai su ji sakamakon ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ilimin yana nan, kayan aikin suna nan, igiyar da za ta haɗa su da tsakar gidan haya ce babu.

Igiyar nan ba ta fi ƙarfinmu ba. Ofishin kula da harkokin ɗalibai zai iya buɗe rajistar gidajen haya na waje, sharaɗin shiga kuwa gwajin ruwa sau biyu a shekara, ɗaya a tsakiyar damina, ɗaya da rani, daga bakin rijiya da kuma famfon da ake tara. Ɗaliban ajin ƙarshe su ɗebo a ƙarƙashin kulawar malamansu, su samu aikin digiri mai amfani, mai gida ya biya kuɗin kayan gwaji. Kada a bar mai gida ya kawo ruwan da kansa, domin zuciya ba ta da ƙashi. Jami'an tsaftar muhalli na Ƙaramar Hukumar Sabon Gari su ne masu ikon shiga gida da doka. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari da ke zura ludayi har cikin randa, matan gida na jin tsoronsa. Ba tsoron nake so ya dawo ba, amma hankalin da ya ce ruwan cikin gida ya shafi lafiyar gari, shi muka yar. Yau mai ƙulla ruwa a leda sai ya nemi lambar NAFDAC, amma mai shayar da mutum 50 daga tanki ɗaya babu mai tambayarsa komai.

Sakamakon kuma a fito da shi fili. Bangladesh ta haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse tun daga shekarun 1970 don tserar da jama'a daga ruwan tafki, aka yi ta yabo, sai a 1993 aka tabbatar da gubar asenik a cikin ruwan, ruwa garau mai sanyi da mutane suka yi shekaru suna sha. Da suka shiga gwaji, sai suka riƙa shafa wa bakin famfo fenti: kore a sha, ja kada a sha. Ko wanda bai yi boko ba ya gane. Irin wannan nake so in gani a jikin tankunan Jama'a, da takarda a manne mai ɗauke da ranar gwaji da sunan ɗakin gwajin.

Na san abin da masu gidaje za su ce, kuma wasu maganganun nasu suna da nauyi. Za su ce kuɗin a kan ɗalibi zai ƙare. Wataƙila, amma in aka raba kuɗin gwaji biyu a kan ɗaki 20, ba na jin kason kowa zai kai abin da yake kashewa a jinya ɗaya. Za su ce za a buga takardun bogi. Za a buga, shi ya sa rajistar za ta zauna a hannun jami'a, inda ɗalibi zai duba da wayarsa kafin ya biya dillali. Babban tsoronsu shi ne a ce ruwansu ya faɗi, gida ya yi baƙin jini. Nan ya kamata a kwantar musu da hankali, domin faɗuwa a gwaji ba hukuncin kisa ba ne ga rijiya. Sau da yawa wanke tanki, sabon murfi, gyaran daɓe da zuba kulorin mai ƙarfi a rijiyar a bar shi ya kwana sun isa, sai a sake gwaji bayan mako biyu. In ƙwayar ta dawo, to daga ƙasa take, sai a riƙa sa kulorin a tanki kullum, ko a bar ruwan ga wanki da wanka a faɗa wa 'yan haya gaskiya. Mai gidan da ya san ruwansa ya faɗi ya yi shiru ya ci amanar 'ya'yan mutane, kuma wannan magana ce da ta dace limamai da masu unguwa su faɗa da babbar murya.

Ɗan yayata ya kama ɗakin nan, domin sauran da muka gani sun fi shi tsada ko nisa. Kafin in tafi na saya masa kwalbar WaterGuard da jarka mai ƙaramin baki, na nuna masa awon da aka rubuta a jikin kwalbar, na ce ya jira minti 30 kafin ya sha, da shi kuma zai jiƙa gari ya wanke ganye. Na koma wajen dattijon na roƙe shi ya isar wa mai gidan cewa ni zan biya kuɗin gwajin farko in ya yarda a ɗiba a watan Agusta. Ya ce zai faɗa masa. Sannan ya ɗan yi shiru, ya dubi murfin sokawen, ya ce, "Alhaji, in za a zo ɗiba, a haɗa da randar ɗakina. Akwai jikata a wurina, watanta huɗu."